FASHIN BAƘI: Wa ke zaɓar kuskuren da za a gyara a manhajojin kyauta, mai kuɗi ko jama'a?

A watan Yunin 2002 wani mai amfani da manhajar shiga intanet ta Mozilla ya shigar da ƙorafi a rajistar matsalolin manhajar. Abin da ya dame shi ƙarami ne. Idan mutum ya ɗora kibiyar linzamin kwamfuta a kan wani maɓalli, wani ɗan akwatin rubutu yakan fito ya bayyana aikin maɓallin. Idan kuma ya tsallaka zuwa wata manhaja ta hanyar latsa madannai, sai akwatin ya ƙi ɓacewa, ya tsaya a kan allo yana tare abin da ake karantawa. An ba ƙorafin lamba 148624.

Shekaru 21 ƙorafin ya yi a buɗe. A tsawon wannan lokaci an haifi Firefox, an fitar da sigoginsa fiye da ɗari, mutane kuma suka yi ta dawowa suna shaida cewa matsalar tana nan. Sai a 2023 wani ɗalibin digirin digirgir a Jami'ar Stanford ta Amurka, wanda akwatin ya addaba a kwamfutarsa, ya zauna ya binciko tushen matsalar, ya aika da gyara na 'yan layuka kaɗan. Wani injiniyan Mozilla ya taya shi daidaita gyaran, aka saka shi cikin Firefox 119 a watan Oktoban shekarar.

Babu wanda ya hana a gyara wannan kuskure tun da farko, babu kuma wanda aka ɗora wa alhakin gyara shi. A tsakanin waɗannan biyu ne dubban kurakurai ke kwana a manhajoji irin su LibreOffice da GNOME da KDE da Thunderbird, waɗanda miliyoyin mutane ke aiki da su a kwamfutocin ofis da na gida ba tare da biyan ko sisin kwabo ba.

Aikin gayya, amma da masu albashi a ciki

Manhajar buɗaɗɗen tushe ita ce wadda aka bayyana rubutun da aka gina ta da shi, ta yadda kowa zai iya karantawa, ya sauya, ya kuma rarraba. Wannan ya sa mutane da dama suke ɗaukar ta tamkar aikin gayya, inda kowa ke kawo fartanyarsa don amfanin gari. Akwai gaskiya a wannan siffa, sai dai ba ta cika ba. Wani babban kaso na masu noman, albashi ake biyansu, kuma wanda ke biya shi ke nuna musu kunyar da za su fara.

LibreOffice misali ne bayyananne. An kafa ta a watan Satumban 2010, bayan kamfanin Oracle ya sayi Sun Microsystems, mai riƙe da OpenOffice.org, sannan masu aikin manhajar da dama suka ɓalle suka kafa gidauniyar The Document Foundation, wadda ke da rajista a Jamus. Lokacin da aka fitar da LibreOffice 7.1 a watan Fabrairun 2021, gidauniyar ta bayyana cewa kashi 73 cikin ɗari na gyare-gyaren da suka shiga sigar sun fito ne daga ma'aikatan kamfanoni da hukumomi, musamman Collabora da Red Hat da CIB da allotropia, sauran kashi 27 kuma daga 'yan sa-kai.

Waɗannan kamfanoni ba sayar da manhajar ce sana'arsu ba. Abin da suke sayarwa shi ne alƙawari: idan ma'aikatar gwamnati ko banki ya ci karo da matsala, akwai injiniyan da zai amsa cikin ƙayyadadden lokaci, ya kuma gyara. Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Injiniyan da ke da ƙorafin abokin ciniki a gabansa, da wa'adi a rubuce cikin kwangila, ba zai ajiye shi ya koma kan ƙorafin ɗalibin da ba a san shi ba, ko da ƙorafin ɗalibin ya fi shafar mutane da yawa.

Hanyar da ƙorafi ke bi

Kafin a gyara kuskure sai ya ratsa matakai, kuma a kowane mataki zai iya maƙalewa. Da farko mai amfani zai rubuta abin da ya gani. Daga nan sai wani, galibi ɗan sa-kai, ya gwada ko zai iya maimaita matsalar a tasa kwamfutar. Idan bai iya ba, ƙorafin zai zauna a jerin waɗanda ba a tabbatar ba. Idan an tabbatar, kuma matsalar sabuwa ce da ba ta cikin tsofaffin sigogi, sai a yi ta gwada sigogin baya ɗaya bayan ɗaya, ana raba tazarar gida biyu, har a gano ainihin sauyin da ya haifar da ita. Sannan a auna nauyinta: tana rushe manhajar ne, tana lalata takardun mutane, ko kuwa ɓacin rai kawai take jawowa?

Bayan duk wannan, babu wata doka da ke tilasta wa kowa ya ɗauki aikin. Lasisin da ake rarraba waɗannan manhajoji da shi, irin su GPL da MPL, ya fayyace cewa ana bayar da su ne ba tare da wani garanti ba. Ɗan sa-kai yakan zaɓi abin da ya dame shi, ko abin da ya iya, ko abin da ke ba shi sha'awa a daren da ya samu sarari. Ma'aikacin kamfani kuma yana bin jerin da shugabansa ya tsara. Kuskuren da bai taɓa abokin cinikin kowa ba, bai kuma burge wani gwani ba, shi ne ke tsufa a rajista.

Haka ta faru da tagar zaɓen fayil ta GTK, wato akwatin da ke buɗewa a manhajojin GNOME idan mutum zai ɗora hoto ko ya buɗe takarda. Tun 2004 aka nemi a riƙa nuna ƙananan hotuna a jere, don mutum ya ga abin da yake zaɓa maimakon ya yi ta kintace daga sunan fayil. Buƙatar ta zama abin zolaya tsakanin masu amfani da Linux. Ba ta samu biya ba sai a GNOME 44, a watan Maris na 2023. Dalilin jinkirin ba ƙyuya ba ne kawai. Tsohon ginin tagar bai dace da irin wannan jeri ba, sai da aka sake fasalin kayan aikin a GTK 4, wanda ya fito a ƙarshen 2020. Aiki ne mai tsawo, mai gajiyarwa, kuma babu wani babban abokin ciniki da ya ce zai janye kwangilarsa saboda rashinsa.

Ranar da kamfani ya juya baya

Dogaro da ma'aikatan kamfani yana da wata illa ta biyu: ranar da lissafin kamfanin ya sauya, aikin yana iya zama maraya cikin dare ɗaya.

A farkon 2010, jim kaɗan bayan Oracle ya karɓi Sun, an sallami injiniyan da ke jagorantar Orca, manhajar da ke karanta wa makafi abin da ke kan allo a GNOME. Sun ya shafe shekaru yana ɗaukar nauyin wannan fanni, wani ɓangare saboda dokokin Amurka da ke buƙatar kayan fasahar da gwamnatin tarayya ke saya su zama masu amfanuwa ga naƙasassu. Da kamfanin ya janye, nauyin ya koma kan mutane ƙalilan. Orca ta rayu, kuma daga baya mai kula da ita ta samu aiki a kamfanin Igalia na Sifaniya, amma masu larurar gani sun daɗe suna kokawa cewa su ne na ƙarshe da ake tunawa da su duk lokacin da aka sauya wani ginshiƙi na tsarin.

A watan Afrilun 2017 Mark Shuttleworth, wanda ya kafa Canonical, ya sanar da dakatar da Unity, fuskar da Ubuntu ta yi shekaru tana amfani da ita, ya ce kamfanin zai mayar da hankali kan fannonin da ke kawo kuɗi, wato manyan kwamfutocin ajiyar bayanai da na'urori masu haɗe da intanet. A watan Yunin 2023 kuma Red Hat, wanda IBM ya saya a kan dala biliyan 34 a 2019, ya ce ba zai saka LibreOffice a sigogin Red Hat Enterprise Linux masu zuwa ba. Ya bayyana cewa injiniyoyinsa za su koma kan tsarin nuna hoto na Wayland da ingancin launi, abubuwan da abokan cinikinsa masu aikin zane da fina-finai ke nema. Kamfanin ya yi alƙawarin ci gaba da toshe kafofin tsaro a sigogin da ya riga ya sayar, 'yan sa-kan Fedora kuma suka karɓi ɗawainiyar haɗa manhajar. Duk da haka LibreOffice ta rasa gudummawar ƙwararrun da suka shafe shekaru suna sanin lungunanta.

Hujjar kamfanoni

Kamfanonin ma suna da nasu kukan, kuma ba na banza ba ne. Manhaja kamar LibreOffice tana da miliyoyin layukan rubutu, wasu tun zamanin StarOffice na shekarun 1990. Gyara yadda take buɗe takardar Word mai sarƙaƙƙun tebura aiki ne da ke cin makonni, wanda da wuya mai aikin dare da ƙarshen mako ya kammala. Kuma duk gyaran da aka yi wa mai biya yana komawa cikin manhajar da kowa ke saukewa kyauta. Idan jihar Schleswig-Holstein ta Jamus, wadda ta sanar a Afrilun 2024 cewa za ta mayar da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice, ta biya aka gyara wata matsala, malamin makaranta a kowace ƙasa zai ci moriyar gyaran.

Haka lamarin yake a KDE. Tun da kamfanin wasannin kwamfuta na Valve ya fitar da na'urar Steam Deck a Fabrairun 2022, wadda ke amfani da fuskar KDE Plasma, yake biyan masu rubuta manhaja su inganta sassan da na'urar ta dogara da su. Masu kwamfutocin da ba su taɓa yin wasa ba sun amfana da wannan aiki.

Abin da ke ci wa kamfanonin tuwo a ƙwarya shi ne manyan hukumomi da ke ɗaukar sigar kyauta su girka a dubban kwamfutoci, ba su biya kowa ba, sannan su turo ƙorafi suna jiran gyara. Wannan ne ya haifar da taƙaddamar watan Yulin 2020, lokacin da aka ga sigar gwaji ta LibreOffice 7.0 ɗauke da laƙabin da ke nuna cewa ta amfanin mutum ɗaya ce. Manufar ita ce a tunzura hukumomi su sayi sigar kamfanoni. 'Yan sa-kai da dama suka fusata, suna ganin ana neman mayar da aikin guminsu tallar hajar wasu. An janye laƙabin, aka maye gurbinsa da wanda ke nuna cewa siga ce ta al'umma a 7.1.

Lokacin da mai kuɗi ya zo neman kyauta

Matsalar takan kuma zo ta ɗaya ɓangaren, inda attajirin kamfani ne ke tsaye a ƙofar 'yan sa-kai. FFmpeg tarin kayan aiki ne na sarrafa bidiyo da sauti, wanda VLC da Chrome da sauran manhajoji masu yawa suka dogara da shi. A 2023 wani ma'aikacin Microsoft ya shigar da ƙorafi a rajistar FFmpeg game da rubutun da ke fitowa a ƙasan bidiyo, ya ce lamari ne na gaggawa domin ya shafi wata babbar hajar kamfaninsa. A Afrilun 2024 masu kula da FFmpeg suka bayyana a shafinsu na X cewa da suka nemi a ƙulla yarjejeniyar kulawa ta dogon lokaci, abin da aka yi musu tayi shi ne biya na sau ɗaya, na 'yan dubban daloli.

Sun fito da maganar ne a makon da duniyar fasaha ta girgiza da batun xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowane tsarin Linux ke ɗauke da ita. Mutum ɗaya, Lasse Collin, ya daɗe yana kula da ita ba tare da albashi ba. Wasu asusu suka yi ta matsa masa lamba kan jinkirin gyare-gyare, har ya ba wani mai kiran kansa Jia Tan ikon saka sauye-sauye. Bayan kusan shekaru biyu na neman amana, Jia Tan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a sigogi 5.6.0 da 5.6.1, wadda za ta ba shi damar kutsawa cikin kwamfutoci daga nesa. Andres Freund, injiniya a Microsoft, shi ya gano ta ya kuma fallasa a ranar 29 ga Maris, 2024, bayan ya lura da jinkirin kimanin rabin daƙiƙa wajen shiga wata kwamfuta. An tare ta kafin ta isa manyan sigogin da jama'a ke amfani da su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ita ce gajiyar mutum ɗaya da kowa ke mora amma ba mai tallafa masa.

Hanyoyin da ake gwadawa

Akwai yunƙuri iri uku na cike wannan giɓi. Na farko shi ne gidauniya ta ɗauki ma'aikatan kanta don fannonin da kasuwa ta yi watsi da su. Bayan doguwar muhawara, The Document Foundation ta ɗauki injiniyoyi biyu a 2023: ɗaya don sauƙaƙa amfani ga naƙasassu, ɗaya kuma don harsunan da ake rubutawa daga dama zuwa hagu da masu sarƙaƙƙen rubutu. Zaɓen waɗannan fannoni biyu shaida ce a kan inda kuɗin kwangila ba ya kaiwa.

Na biyu shi ne kuɗin jama'a kai tsaye. A 2012 Mozilla ta rage hannunta daga Thunderbird, manhajar karɓa da aika imel, da yawa kuma suka yi mata kallon gawa. Masu kula da ita suka koma roƙon gudummawa daga masu amfani da ita. A 2022 kaɗai sun tara sama da dala miliyan shida, abin da ya ba su damar ɗaukar ma'aikata da sabunta fuskar manhajar a siga ta 115 a Yulin 2023. KDE ma ta fara nuna saƙon neman taimako sau ɗaya a shekara daga Disamban 2024. Tun a farkon 2022 ta ƙaddamar da shirin farautar kurakuran da sabon mai amfani zai ci karo da su cikin mintuna 15 na farko, wato irin waɗanda ba sa cikin kwangilar kowa amma suke korar baƙo.

Na uku shi ne baitulmalin gwamnati. A Nuwamban 2023 asusun Sovereign Tech Fund na gwamnatin Jamus ya ware wa GNOME yuro miliyan ɗaya, kuma wani kaso ya tafi kan inganta amfani ga makafi da kuma tsaro. Hujjar ita ce irin waɗannan manhajoji sun zama kamar titi da gada, waɗanda ba a barin gyaransu ga mai sha'awa. Raunin wannan hanya shi ne tallafin na wa'adi ne, kula da manhaja kuwa ba ta ƙarewa.

Inda abin ya shafi mai rubutu da Hausa

A ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin kyauta na yau da kullum ga Windows 10, yayin da Windows 11 ke buƙatar wasu na'urori da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da su. Irin waɗannan kwamfutoci na hannu su ne suka cika shagunan buga takardu da makarantu a biranen Najeriya da Nijar. Ga masu su, Linux da LibreOffice suna cikin 'yan hanyoyin da suka rage na ci gaba da aiki da manhaja ta halal mai samun gyaran tsaro.

Buƙatun wannan mai amfani kuwa suna cikin rukunin da babu kwangila a bayansu. Tsarin Linux yana da jerin madannai na Hausa, na Najeriya da na Ghana, masu ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ. Ƙungiyar SIL ta samar da nau'o'in haruffa na kyauta, Harmattan da Alkalami, don rubutun ajami irin na Afirka ta Yamma, na biyun ma an tsara shi ne bisa salon rubutun Kano. Amma idan wasali ya sauka a gurbin da ba nasa ba a shafin ajami, ko manhajar duba kuskuren rubutu ta ja jan layi a ƙarƙashin kowace kalmar Hausa, babu banki ko ma'aikatar da za ta buga waya ta nemi gyara kafin Juma'a.

Abin da ke hannun mai amfani shi ne ya sauƙaƙa wa mai gyara aiki. Ƙorafin da ya faɗi sigar manhaja, ya jera matakan da ke haifar da matsalar, ya haɗa da takardar gwaji da hoton allo, ya fi saurin tsallake matakin tabbatarwa. Mai karanta ajami da ya tabbatar da ƙorafin wani ya yi aikin da injiniya a Jamus ba zai iya yi ba, domin shi bai san yadda daidai take ba. Jami'o'i da hukumomin da ke girka waɗannan manhajoji a ɗakunan kwamfuta kuma suna da zaɓin da Schleswig-Holstein ta ɗauka: su ware wani abu daga kuɗin lasisin da suka tsira da shi, su biya a gyara abin da ya dame su.

Doka ma ta fara shigowa. Dokar Tarayyar Turai kan tsaron kayan fasaha, wadda ta fara aiki a Disamban 2024, manyan tanade-tanadenta kuma za su hau kan kamfanoni a Disamban 2027, ta ɗora wa duk mai sayar da haja alhakin kafofin tsaron da ke cikinta, har da na sassan buɗaɗɗen tushe da ya ɗauko kyauta. Ta kuma keɓe 'yan sa-kan da ba sa kasuwanci da aikinsu. Wannan zai iya tilasta wa kamfanoni su zuba kuɗi a manhajojin da suka daɗe suna mora. Sai dai dokar a kan tsaro kawai ta tsaya. Akwatin da ya ƙi ɓacewa daga allo, da maɓallin da manhajar makafi ba ta iya karantawa, da harafin da ya karkace a shafin ajami, duk suna wajen hurumin ta, kuma za su ci gaba da jiran wanda zai biya ko wanda zai sadaukar da darensa.